Ɗabi'ar “Kashe Ka Kunna” a Gaban Allon Matuƙin Jirgi

Akwai magani guda da muke ba kowace na'ura da ta yi mana gardama a ƙasar nan, wato kashe ka kunna. Wayar salula ta daskare, kashe ka kunna. Na'urar POS ta riƙe kuɗin mutum, kashe ka kunna. Kwamfutar banki ta tsaya cik alhali mutum hamsin na kan layi, sai ma'aikaci ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zare waya ya mayar. Sau da yawa maganin yana ci, shi ya sa ya samu gindin zama. Ni ba ni da rigima da shi a rumfar mai POS. Rigimata da shi tana wuri ɗaya, gaban allon da yaro yake koyon tuƙin jirgin sama. A wannan wuri guba ne, kuma da hannunmu muke shayar da shi ga yaran da muke fatan wata rana su ɗauke mu daga Kano zuwa Jidda.

Duk wanda ya zauna a Zariya ya san ƙarar ƙananan jiragen da ke shawagi a samaniyarta. Na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ne da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ICAO mai tsara dokokin sufurin sama na duniya. Jiragen horon da kwalejin ta shigo da su a shekarun baya-bayan nan, Diamond DA40 da DA42, ba su da tarin agogunan nan masu allura da muka saba gani a hotunan dā. Manyan alluna biyu ne na Garmin G1000 a gaban ɗalibi, ɗaya yana nuna masa gudu da tsayi da karkatar jirgi, ɗayan taswira da lafiyar inji. Kuɗin karatun kuwa miliyoyin nairori ne. Don haka yaron Tudun Jukun da ya girma yana ɗaga kai duk lokacin da jirgi ya wuce, abin da hannunsa ke iya kaiwa gare shi kafin Allah Ya kawo mai ɗaukar nauyi shi ne kwamfuta, da sandar tuƙi ta hannu, da manhajar kwaikwayon tuƙi irin Microsoft Flight Simulator ko X-Plane.

Wannan ba abin raini ba ne. Tun 1929 da Edwin Link ya ƙera akwatin horonsa a Amurka, matuƙa suke koyon karanta ma'aunai a ƙasa kafin su hau sama. Sai dai yaron Tudun Jukun yana da wata lalura da takwaransa na Ingila bai cika sani ba. Tafiya daga Kano zuwa Legas a manhajar tana cin sama da sa'a guda, kamar yadda take ci a zahiri, wutar lantarki kuma ba ta yi wa kowa alkawarin sa'a guda ba. Dole ya riƙa ajiye tafiyarsa a fayil, don idan an ɗauke wuta ya ci gaba daga inda ya tsaya. A nan matsalar take kunno kai. Ya buɗe fayil ɗin, jirgi na nan a sama inda ya bar shi, amma allo ɗaya ya yi baƙi ƙirin, ko taswira ta ɓace, ko hanyar da ya tsara ta goge, ko lambobi sun daskare ba sa motsi.

Na tsaya a bayan wani ɗan 'yar'uwata a wani shagon kwamfuta a unguwar ranar da hakan ta same shi. Ya waiwaya ya ce da mai shagon, “Oga, allon ya sake mutuwa.” Mai shagon ko kallonsa bai yi ba, ya ce, “Kashe ka kunna mana.” Yaron ya kai hannu, na riƙe shi na ce ya fara gaya mini abin da ya lalace. Sai ya ce, “Kawu, ai ba komai ba ne, haka yake yi.” Wannan “haka yake yi” ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda ya haddace tsawon titin saukar jiragen Kano da mitocin rediyonsa, amma an riga an koya masa cewa allon da ya mutu a gabansa ba tambaya ba ce da ke jiran amsa.

Bari mu duba abin da ke faruwa a cikin fayil ɗin, domin babu wani sihiri a ciki. Idan ka umarci manhaja ta ajiye tafiya, ba ta kwashe duk halin da jirgin yake ciki. Tana rubuta abin da ta sani ne kawai: inda jirgi yake, tsayinsa, gudunsa, man da ya rage, matsayin ƙafafunsa da fikafikansa, lokaci da yanayi. A Microsoft Flight Simulator fayil ɗin mai ƙarewa da FLT rubutu ne tsagwaro, kowa na iya buɗe shi ya karanta layi-layi. To amma jiragen da masu koyo da gaske suka fi so, waɗanda wasu kamfanoni daban suke ƙerawa su sayar a ɗora kan manhajar, suna da nasu lissafin na ciki wanda uwar manhajar ba ta san da shi ba. Abin ya yi kama da ɗan kasuwar da ya bar wa yaronsa shago da jerin kayan da ke kan kanta, amma basussukan da yake bin mutane suna cikin kansa. Yaron zai buɗe shago ya ga kaya daidai, lissafi kuma ya ƙi fita. Saboda haka ne kamfani irin PMDG, mai ƙera Boeing 737 na kwaikwayo, yake ajiye halin allunansa a wani fayil na daban. Idan fayilolin biyu suka saɓa, jirgin zai farka a tsakiyar sama da ƙwaƙwalwar wanda ke ajiye a filin jirgi. Na'urar da ke gane wa babban jirgi inda yake da yadda ya karkata tana buƙatar mintuna da dama yana tsaye cik a ƙasa kafin ta daidaita. In ta farka a ƙafa dubu talatin ba ta daidaita ba, ba ta da abin nunawa, sai allon ya zama wayam.

Akwai wasu dalilan. An sabunta jirgin bayan an ajiye fayil ɗin, sunayen abubuwa sun sauya, tsohon fayil yana kiran abin da babu shi. An ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta fayil, ya fito rabi. Makunnin wutar allunan ya dawo a kashe. Ko kuma laifin na kwamfutar ce ita kanta, ta yi zafi a cikin watan Afrilu a shagon da fanka ɗaya ke juyawa, ta kasa zana allunan. Ka ga ke nan baƙin allo ɗaya yana iya zama alamar cututtuka daban-daban, kuma a cikinsu har da wadda ba cuta ba ce sam: mai yiwuwa jirgin kwaikwayon ne ya yi abin da aka tsara shi ya yi, ya kwaikwayi lalacewar janaretan inji, baturi ya zuƙe, allo ya mutu kamar yadda zai mutu a sama. Wanda ya kashe ya kunna ya share shaidar da za ta bambance masa waɗannan, ya kuma zubar da darasi mafi tsada da na'urar za ta iya ba shi kyauta. A jirgi mai G1000 akwai jan maɓalli da ke tattaro muhimman bayanai zuwa allon da ya rage idan ɗaya ya mutu, akwai kuma ƙananan ma'aunan ko-ta-kwana a gefe. Yaushe yaro zai saba da kai hannu gare su, in duk lokacin da allo ya yi baƙi hannunsa makunnin kwamfuta yake nufa?

Duk da haka baƙin allo ba shi ne ya fi ba ni tsoro ba, domin shi yana shelar kansa. Masu ƙera G1000 ma sun tsara shi ya zana babban jan kuros a kan duk ma'aunin da ya rasa sahihin bayani, wato ya gwammace ya ce bai sani ba da ya yi ƙarya. Abin tsoro shi ne allon da ya dawo fes, komai na haske, amma lamba ɗaya a cikinsa ta saɓa. Ma'aunin tsayin jirgi ba ya auna nisa da ƙasa kai tsaye, matsin iska yake aunawa, don haka sai matuƙi ya saka masa adadin matsin iskar wurin a wannan lokaci. Kuskuren hektofaskal ɗaya yana haifar da kuskuren kusan ƙafa 28. Yaro ya ajiye tafiyarsa da hantsi, wuta ta dawo bayan isha'i, manhajar ta ɗauko sabon yanayi daga intanet, ma'aunin kuma yana riƙe da lambar hantsi. Babu jan kuros, babu ƙararrawa. Ya sauka lafiya ko ya daki ƙasa kafin titi, ya yi dariya, ya ce manhajar ce.

A ranar 23 ga Mayu 2022 wani Airbus A320 na kamfanin Airhub da ya taso daga Stockholm yana gangarowa filin Charles de Gaulle na Faris cikin ruwan sama. Mai ba jirage umarni daga ƙasa ya ba matuƙan 1011 a maimakon 1001. Lamba ɗaya ce ta sauya. Jirgin ya yi ta gangarowa kusan ƙafa 280 ƙasa da inda allunansa ke nunawa, kuma binciken hukumar BEA ta Faransa ya gano cewa ƙafa shida suka rage tsakaninsa da ƙasa, a wajen filin jirgin, kafin ya sake ɗagawa. Allunan nan ba su lalace ba, abin da aka ba su suka nuna. Duk wanda ya san hazon hunturu a Kano da Zariya, ranakun da ba ka hango ƙarshen layinku, ya san cewa a irin wannan rana matuƙi ba shi da ido sai allo. Gwajin da ke kama irin wannan kuskure a ƙasa bai kai minti guda ba: ka saka matsin iskar wurin, ka duba ko ma'aunin ya nuna tsayin filin da kake kai. Filin Zariya yana kusan ƙafa 2,170 sama da teku. In bambancin ya wuce ƙafa 75, ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a tuhumi ma'aunin. Nawa ne cikin yaranmu ke yin makamancin wannan gwaji bayan sun buɗe ajiyayyen fayil?

Za a ce da ni, kuma an sha faɗa, ai wasa ne. Babu wanda zai mutu a shagon kwamfuta. Gaskiya ne babu mai mutuwa a shagon, amma hannu ba ya bambance wasa da gaske, abin da aka maimaita masa shi yake riƙewa, kuma geza ba ta barin gezarta don an kai ta wani rafi. Masu binciken haɗurran jirage sun daɗe da sanin cewa na'urar horo tana iya koyar da mugun darasi da ƙwarewar da take koyar da mai kyau. A ranar 12 ga Nuwamba 2001 jirgin American Airlines mai lamba 587 ya faɗi a unguwar Queens ta New York jim kaɗan da tashinsa, mutum 265 suka mutu. Mataimakin matuƙin ya yi ta taka matakan juya wutsiya dama da hagu da ƙarfi bayan sun shiga guguwar da wani babban jirgi ya bari, har wutsiyar ta ɓalle. Hukumar NTSB ta lissafa horon da kamfanin ya ba shi cikin abubuwan da suka taimaka wa haɗarin, domin a wani atisaye an tsara na'urar kwaikwayon ta yi biris da umarnin matuƙi na ɗan lokaci, abin da ke iya sa mutum ya ɗauka cewa sai an yi wa jirgi da ƙarfi yake ji. Wannan fa na'ura ce ta miliyoyin daloli a hannun ƙwararru. In ita za ta iya dasa mugun hali, me zai hana kwamfutar shago?

Za a kuma ce, ai matuƙan gaske ma suna kashewa su kunna. Haka ne. Littafin gaggawa na jiragen Airbus yana ɗauke da jadawalin kwamfutocin da aka yarda a sake kunnawa, da yadda za a yi, da waɗanda a ƙasa kawai aka halatta a taɓa. Mai wannan hujja ya karanta labarin jirgin Indonesia AirAsia mai lamba 8501. A ranar 28 ga Disamba 2014 ya taso daga Surabaya zuwa Singafo da mutum 162. A sama gargaɗi ya fito cewa na'urar da ke taƙaita motsin wutsiya ta samu matsala. Sau uku matuƙan suka bi matakan da allo ya umarta, gargaɗin yana tafiya yana dawowa. A karo na huɗu sai aka katse wutar kwamfutocin da ke kula da ita aka mayar, abin da littafi bai yarda a yi a sama ba. Kwana uku kafin nan kyaftin ɗin ya ga wani injiniya ya yi hakan a jirgin yana ƙasa, gargaɗin kuma ya ɓace. A sama sakamakon ya bambanta. Na'urar tuƙi da kai ta saki jirgin, kariyar da kwamfuta ke ba shi ta janye, ya karkata, ya yi sama fiye da ƙima, iska ta daina ɗaukar fikafikansa, ya faɗa Tekun Java. Babu wanda ya tsira.

Abin da ya fi ci mini rai a rahoton da hukumar binciken Indonesiya ta fitar a Disamban 2015 shi ne tarihin matsalar. Sau 23 ta bayyana a jirgin nan cikin watanni goma sha biyun da suka gabata. Mafi yawan lokuta ana sake kunna kwamfuta, gargaɗin ya ɓace, a sallami jirgi. Asalin cutar kuwa tsagewa ce a liƙin dalma na wani ɗan allon lantarki a wutsiya. Shekara guda cur manya masu takardun shaida suna ce wa juna “haka yake yi” da nasu harshen.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, ita ce cewa matuƙi ba injiniya ba ne, kuma ɗalibin da ya biya kuɗin sa'a guda a shago bai biya don ya yi wa mai shago gyaran kwamfuta ba. Na yarda da rabinta. Ba a neman yaro ya gyara manhaja. Ana neman ya iya faɗin abin da ya gani kafin ya taɓa komai, ya kuma ware inda laifin yake, wanda shi ne ainihin aikin matuƙi idan abu ya lalace a sama. Hanyar ba ta da tsawo. Ya tsayar da tafiyar, ya kwatanta babban allo da ma'aunan ko-ta-kwana, ya duba makunnan wuta da ƙarfin baturi. In laifin na jirgin kwaikwayon ne, to ya samu atisaye, ya ci gaba da tuƙi da abin da ya rage masa. In ba nan ba ne, ya buɗe wannan jirgin sabo a ƙasa ba tare da fayil ɗin ba. In alluna sun kunnu, fayil ne ya saɓa. In sun ƙi, ya gwada jirgin da ya zo da manhajar tun asali, ya kuma cire abubuwan da aka ɗora mata ɗaya bayan ɗaya. In duka sun ƙi, kwamfuta ce. Minti goma ne ko sha biyar. Sannan ya rubuta: rana, jirgi, fayil, abin da ya gani, abin da ya gwada. Daga nan in yana so ya kashe ya kunna, babu mai hana shi, domin yanzu ya san abin da yake kashewa.

Rubutun nan shi ne abin da ya fi ƙaranci a wajenmu, kuma a nan maganata ta wuce shagon Tudun Jukun ta isa ga masu manyan kujeru. A dokar Amurka da ta shafi na'urorin horon matuƙa, sashe na 60 na dokokin hukumar FAA, wajibi ne kowace na'ura ta kasance da kundin rubuta lahani, wajibi ne malami ko mai jarrabawa ya rubuta duk abin da ya ga ya saɓa, kuma sai an yi mata gwajin lafiya cikin sa'o'i 24 kafin a yi horo a cikinta. Ba a yarda a yi atisayen da ke buƙatar wani sashe ba alhali sashen nan ya lalace. Turai tana da makamancin wannan tsari. Dalilin a fili yake: matuƙin jirgin fasinja yana komawa cikin irin wannan na'ura duk bayan wata shida a gwada shi, kuma a kan abin da ta nuna ake sabunta masa izini. In na'urar tana ƙarya, takardar ma ƙarya ce.

Matuƙan Nijeriya sun daɗe suna fita waje don wannan gwaji, ana biya da dala. Saboda haka ne aka sayo wa kwalejin Zariya babbar na'urar kwaikwayon Boeing 737 daga kamfanin CAE na Kanada, kuma tunani ne mai kyau. Amma mun san halinmu da kayan gwamnati. Muna da kuɗin saye da kuɗin bikin yanke ƙyalle, kasafin kula da kaya ne kullum maraya. Irin wannan na'ura tana buƙatar wuta marar yankewa, da sanyi, da kayan gyara, da injiniyoyin da aka horar aka kuma riƙe su da albashin da zai hana Dubai ɗauke su. Tana kuma buƙatar shugabancin da ba ya ɗaukar cikakken kundin lahani a matsayin abin kunya. A yawancin ofisoshinmu wanda ya rubuta cewa abu ya lalace shi ake tuhuma da lalata shi, don haka kowa ya koyi yin shiru ya zare waya ya mayar. Yaron da ya taso da “haka yake yi” a shago, in ya zama injiniya ko malamin tuƙi ya tarar da wannan al'ada tana jiransa, ba zai ji wani baƙon abu ba.

Cikin masu karanta wannan wasiƙa akwai 'yan majalisa da ke zuwa duba ayyuka, da 'yan jarida, da iyayen da ke shirin sayar da gona don ɗansu ya zama matuƙi. Duk ranar da aka shigar da ku ɗakin na'urar horo, a Zariya ne ko a Ilori ko a ƙasar waje, za a zaunar da ku a kujerar kyaftin, a kunna muku alluna, a nuna muku fitilun Legas da dare ta tagar ƙarya. Ku yaba, sannan ku nemi a kawo muku kundin lahani. Ku duba ranar rubutu na ƙarshe, ku duba ko akwai matsalar da ta maimaitu, da abin da aka rubuta a gabanta a matsayin gyara. In aka miƙo muku littafi fari tas, ku tambayi mai riƙe da makullin ɗakin sau nawa ya kashe ya kunna a makon nan.